Ra'ayinmu: Manhaja ma sai da mai ɗaurin huhu

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Kwamfutar da ke ɗauke da ita ba ta mutu ba, tana kunnuwa, tana buga takarda kamar jiya. Abin da ya canja shi ne duk ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano daga wannan rana babu mai ɗinke ta, sai fa ga wanda ya shiga ƙarin wa'adin shekara 1 da kamfanin ya bayar bisa sharaɗi. Ita kuwa Windows 11 mai ruwan ido ce: sai na'urar da ke da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba sa cikin waɗanda ta yarda da su. A Turai wannan labarin sayen sabuwa ne. A nan Abijan labarin kwantena ne, domin abin da ofisoshin can suka sauke shi ne zai biyo ruwa, ya ƙare a kan tebur a Black Market ta Adjamé da sunan "France au revoir". Mu ne kuma masu saye: makarantun franko-arab, masu shagon buga takardu, ɗan kasuwar da ya gaji da littafin bashi, uban da ya tara wa ɗansa mai shiga jami'a.

Waɗannan na'urori ƙalau suke, kuma akwai abin da zai raya su shekaru masu yawa nan gaba ba tare da satar manhaja ba, wato Linux da 'yan uwanta, manhajojin da masu su suka buɗe tushensu, suka halatta wa kowa ya ɗauka, ya gyara, ya raba. Wannan ba sabon zance ba ne, 'yan ƙungiyar AI3L ta masu Linux a Kodebuwa sun daɗe suna faɗarsa. Abin da muke son jawo hankali a kai yau wani sashe ne na aikin da ba a yi masa biki, ba a ɗaukar hotonsa da minista, amma in babu shi duk sauran zancen iska ne. Shi ne aikin ƙunsa manhaja, da aikin mutumin da ke tsaye tsakanin masu rubuta ta da masu ƙunsa ta yana daidaita su. Matsayinmu a fili yake: Hausawa masu son ganin harshensu da tsofaffin kwamfutocinsu sun rayu su daina mafarkin ƙirƙiro "Linux ɗinmu", su nemo mutum ɗaya ko biyu su ɗora musu wannan aiki na tsakiya, su kuma biya su.

Wanda ya san kasuwar Guro ba ya buƙatar dogon bayani a kan mene ne aikin tsakiya. Birni mai mutum sama da miliyan 5 yana tashi kowace safiya ya tarar da ayaba, doya, rogo, gauta, kuɓewa da barkono a Adjamé, a Treichville ma haka, alhali ba a noma su a Plateau. Matan Guro da suka kafa wannan kasuwa, 'yan asalin yankin Bouaflé da Zuénoula da Sinfra, ba su shahara don sun fi kowa iya noma ba. Sun shahara ne don sun haɗa kai cikin ƙungiyoyin gama-kai, sun san ƙauyen da kayansa suka nuna a wane wata, sun ba manomi kuɗi tun kafin girbi, sun yi hayar babbar mota tare, sun san ranar da za ta taso da daren da za ta iso, sun tanadi masu saukewa da masu kasawa. Manomi yana can, mai miya tana nan, ba su taɓa ganin juna ba. In wannan sarƙa ta tsinke kwana 3, gonar tana cike amma tukunya babu komai.

Mu Hausawa ma gadonmu ne. Goron da ake ɗauka daga Anyama zuwa Arewa ba a zuba shi a mota haka kawai. Akwai mai tsincewa ya fitar da mai sankara, akwai mai shimfiɗa ganye, akwai mai ɗaurin huhu wanda ya san yadda zai matse shi ya kai Sakkwato ko Maraɗi bai bushe ba bai ruɓe ba. Ba shi ya dasa itacen ba, ba shi zai ci ba, amma kowane fatake ya san ribarsa a hannun wannan mutum take. Masu albasa kuwa sun fi kowa ɗanɗana darasin: albasar Galmi ta fi ta Holan ƙamshi da yaji, babu mai musu, amma ta Holan tana sauka a buhun raga na kilo 25, an tace ta girma ɗaya, tamu tana zuwa a buhun da ya haura kilo 100, ta sha hanya ta Burkina, a buɗe a tarar da ta ƙasa ta lalace. Sau da yawa a wurin ƙunshi ake kayar da mu, ba a gona ba.

To, haka manhaja take. Wanda ya rubuta manhajar karanta takardu ko ta koyar da yara lissafi, abin da yake fitarwa rubutu ne zalla, ɗanyen kaya. Kafin ya zama abin da malamin makaranta zai danna sau 2 ya gani a allo, sai wani ya ɗauko shi ya sarrafa shi daidai da kowane irin inji, ya rubuta jerin sauran manhajojin da wannan ke dogara da su, kamar yadda miya ba ta haɗuwa sai da kayan haɗinta, ya duba lasisin ko ya halatta a raba, ya gwada cewa shigowar wannan ba za ta karya waccan ba, ya sa hatiminsa, sannan ya ajiye a rumbu. Abin da ya fito shi ake kira ƙunshi. Gidajen da ke wannan aiki su ne sunayen da ake ji: Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a Agustan 1993, rumbunta yana ɗauke da ƙunshi sama da 60,000, kuma mafi yawan masu aikinta 'yan sa-kai ne, Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da ita a Oktoban 2004, tana ɗibar kayanta daga rumbun Debian, sai Fedora da ke da nata salon ƙunshin daban. Manhaja ɗaya, gidaje da yawa, kowane da ƙa'idarsa da kalandarsa.

Wannan kalanda ita ce abin da mutanenmu suka fi jahilta, kuma ita ce ta fi cutar da mu. Ubuntu tana fita duk wata 6, a Afrilu da Oktoba, amma wadda makarantu da ofisoshi ke ɗorawa, mai dogon wa'adin kulawa, sau ɗaya take fita a shekara 2: Afrilun 2022, Afrilun 2024, Afrilun 2026. Debian kusan duk shekara 2 ce. Ta 13 ta fita ranar 9 ga Agustan 2025, amma tun watan Maris aka fara rufe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kammala fassararsa ko gyaransa bayan an rufe, komin kyawunsa, zai jira zagaye na gaba. Kamar mai ayaba ce da ta iso bakin hanya bayan motar ƙungiya ta wuce, sai dai ita za ta jira mako ne, shi kuwa shekara 2. Yaron da ke aji 4 na firamare zai kai aji 6 kafin gyaran ya iso kwamfutar makarantarsu. Aikin mai daidaitawa na farko ke nan: ya san ranar da kowace mota ke tashi, ya matsa wa masu kaya su gama kafin ranar.

Kada a ɗauka aikin ɗan aike ne kawai. Abubuwa biyu da suka faru sun nuna nauyinsa, kuma sun cancanci a tsaya a kansu.

A 2006 wani mai ƙunshi na Debian yana share wasu ƙorafe-ƙorafe da na'urar bincike ke yi a kan OpenSSL, manhajar da ke ƙera makullan sirri na intanet, sai ya cire wasu layuka da ya ga kamar ba su da amfani. Bai yi gaban kansa gaba ɗaya ba, ya tambayi masu manhajar, amma tambayar ba ta nuna dukan abin da zai taɓa ba, amsar da ya samu ita ma ba ta fito fili ba, kuma gyaran ya zauna a gidan Debian ba a mai da shi ga masu asalin kayan sun duba ba. Ashe layukan nan su ne ke sa kowane makulli ya bambanta da na wani. Sai a Mayun 2008 Luciano Bello ya gano cewa makullan da Debian da Ubuntu suka ƙera a tsawon wannan lokaci ba su wuce iri 32,000 da 'yan kai ba, abin da ɓarawo zai gwada ɗaya bayan ɗaya ya gama kafin shayi ya huce. Babu mugu a wannan labari. Mutane ne biyu masu kyakkyawar niyya da babu wanda ya tsaya a tsakaninsu ya tabbatar sun fahimci juna.

Na biyun akwai mugu. Wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz, wadda kusan kowace Linux ke ɗauke da ita, mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ya yi shekaru yana kula da ita a lokacin hutunsa, ba albashi. Ya gaji, ya faɗa da bakinsa. Sai wani mai kiran kansa Jia Tan ya bayyana yana taimako, a hankali, kusan shekara 2, har aka amince masa ya riƙa fitar da sabon zubi. A farkon 2024 ya dasa ƙofar baya a zubi na 5.6.0 da 5.6.1, wadda za ta ba shi damar shiga manyan kwamfutocin duniya, ya kuma shiga roƙon gidajen Linux su hanzarta ɗauka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar 29 ga Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya fallasa abin, bayan ya lura shiga wata kwamfutarsa ta gwaji ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Abin lura a nan shi ne gubar ta shiga rumbunan gwaji na Debian da Fedora, amma ba ta kai ga tabbatattun da jama'a ke amfani da su ba. Jinkirin nan da ake zagin masu ƙunshi a kansa, wai sun cika nawa, shi ne ya ba da lokacin da aka tsince goron mai sankara kafin a ɗaure huhu.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu, wannan ai rigimar Turawa ce. Ruwanmu yana nan. A Debian 13 an daina fitar da cikakkiyar manhaja ga injuna masu bit 32, wato irin Pentium 4 da ƙananan kwamfutocin hannu na farko-farko. Ba don ƙeta aka yi ba. A irin waɗannan gidaje inji yana rayuwa ne muddin akwai masu gwada shi, masu kawo rahoton matsala, masu gyarawa, kuma waɗanda ke zaune a teburin sun daɗe da jefar da irin waɗannan injuna. Waɗanda ke da su har yanzu, a ɗakunan kwamfuta na makarantun Abobo ko Zinder, ba sa teburin. Debian 12 za ta ci gaba da samun kulawa zuwa tsakiyar 2028, daga nan shi ke nan. Gaskiya ne injunan da abin ya shafa sun tsufa ƙwarai, kuma yawancin abin da ake sayarwa a Adjamé yau ya wuce wannan aji. Amma yadda aka yanke wannan hukunci ba mu nan, haka za a yanke na gaba, kuma na gaban zai iya faɗawa kan injin da aka saya bana.

Sai batun harshe, inda abin ya fi ba mu haushi, domin kayan suna nan, mai haɗa su ne babu. A cikin Linux akwai tsarin ƙasa da harshe mai lamba ha_NG, wanda ya san sunayen ranaku da watanni da Hausa. Akwai tsarin allon madannai na Hausa har guda 2, ɗaya ƙarƙashin Najeriya ɗaya ƙarƙashin Gana. A rumbun Debian akwai salon haruffa na Andika, wanda aka zana musamman don masu koyon karatu kuma yana da haruffanmu masu lanƙwasa. Akwai Harmattan don ajamin Afirka ta Yamma, akwai ma Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun hannu irin na Kano, wanda duk wanda ya yi makarantar allo zai gane shi da gani ɗaya. Akwai Kiwix, mai ba da damar karanta Wikipedia ba tare da intanet ba, ta Hausa ma tana ciki. Duk wannan kyauta ne, halal ne, an riga an ƙunsa. Malamai nawa ne a cikinmu suka san da shi? Masu ɗora manhaja nawa ne a kasuwa suka taɓa sa wa mai saye ko ɗaya daga ciki?

Kuma ga inda rashin wakili ya fito fili. Tsarin madannan Hausa guda biyun nan an gina su ne bisa allon Ingilishi, mai farawa da QWERTY. Bahaushen Abijan, da na Yamai, da na Maraɗi, allon Faransanci ne a gabansa, mai farawa da AZERTY, domin kwamfutarsa daga Faransa ko Beljiyam ta fito. In ya zaɓi Hausa, abin da ke rubuce a kan madanni daban, abin da ke fita a allo daban. Ga kuma bambancin rubutu: Najeriya tana rubuta 'y, Nijar tana rubuta ƴ. A Maris ɗin 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a cikin kundinta na sake gina ƙasa. Madalla. Amma sakataren da zai buga takardar hukuma da Hausa a Tawa, da wane allo zai buga ta? Tsara madannan Hausa bisa AZERTY aikin 'yan kwanaki ne ga matashin da ya san hanya. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne a zauna da malaman harshe a yarda da wurin kowane harafi, a miƙa shi ga masu kula da tarin madannai na xkeyboard-config, a amsa tambayoyinsu, a jira su karɓa, a bi sawu har ya shiga Debian da Ubuntu da Fedora kafin su rufe ƙofa. Da zarar ya shiga can, ya shiga kowace Linux a duniya, kuma ba ya fita.

Mun ce a bar mafarkin "Linux ɗinmu", kuma muna da dalili. An taɓa yi. Wajen 2006 wani kamfanin Najeriya ya fito da Wazobia Linux, da Hausa da Yarbanci da Ibo, jaridu suka yi ta yabo. Yau ina take? Riƙe gida guda na Linux yana nufin bin sawun dubban ƙunshi kowace rana, toshe kowace ɓaraka, har abada, kuma ƙaramin kamfani ba ya iya wannan in kuɗin farko ya ƙare. Abin da ya tsira daga wannan aiki shi ne ɗan ɓangaren fassarar da aka kai rumbun GNOME, wato manhajar da ke zana fuskar kwamfuta. Can ya zauna, amma da yake babu mai bibiya, manhajar ta yi ta canjawa fassarar tana tsaye, har ya zama wanda ya zaɓi Hausa zai ga kalma ɗaya da Hausa, goma da Ingilishi. Fassara ba gini ba ce da za a gama a buɗe da addu'a a tafi. Shuka ce, kowane zubi sai an yi mata ban-ruwa.

Kwatanta da Emmabuntüs, wadda wasu 'yan sa-kai a Faransa suka fara a 2011 don raya tsofaffin kwamfutocin da ake bai wa ƙungiyar agaji ta Emmaüs. Ba su ce za su sake ƙera duniya ba. Sun hau kan Ubuntu, daga baya suka koma kan Debian, suka zaɓo abin da makaranta da ƙaramin ofis ke buƙata, suka haɗa shi yadda za a ɗora ko babu intanet. Nauyin dubban ƙunshin yana kan Debian, su nasu zaɓe ne da gwaji. Ita ce matasan JerryClan na nan Kodebuwa suka riƙa ɗorawa a kan kwamfutocin da suke haɗawa daga tarkace a cikin jarkar roba. Wannan shi ne girman aikin da ya dace da ƙarfinmu: jerin kayan da aka zaɓa, an gwada su a kan injunan da ake sayarwa a kasuwarmu, da haruffanmu a ciki, duk wani gyara kuma a mai da shi can sama inda za a riƙe mana shi.

Akwai kuma batun hanya. Ba mu manta ranar 14 ga Maris 2024 ba, da wayoyin ƙarƙashin teku guda 4, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka katse a gaɓar ƙasar nan, intanet ta durƙushe kwanaki. Ko ba katsewa, kuɗin data kaɗai ya isa ya hana makaranta mai kwamfuta 20 sabunta su, in kowace za ta sauko da abu ɗaya daga waje sau 20. Maganin yana cikin rumbun tun tuni: apt-cacher-ng tana sa kwamfuta ɗaya ta sauko da ƙunshi sau ɗaya sauran su ɗiba daga gare ta, apt-offline kuma tana ba da damar a sauko a inda akwai intanet a kai a kebul ɗin USB inda babu. Hayar mota ɗaya ke nan maimakon kowa ya ɗauki tasi. A nan ne ma muke da ja da sabon yayin ƙunshi irin Snap da Flatpak, inda kowace manhaja ke tafe da kayan haɗinta. Suna da amfaninsu, mai manhaja yana isa ga mai amfani kai tsaye ba jiran kowa. Amma saukar farko takan ci ɗaruruwan megabait, kuma wanda ya tsara su ba da kuɗin data na Adjamé ya yi lissafi ba. Ko wannan ma, sai da mai faɗa a inda ake yanke shawara.

Ba mu ce hanyar babu ƙaya ba. Akwai firintar da ba ta jituwa da Linux sai an sha wuya. Akwai manhajar lissafin kuɗi ko ta zane da mai shago ya saba da ita wadda ba ta da takwara daidai. Mai gyara a kasuwa ya ƙware a Windows, da ita yake cin abinci, ba zai so a ce ya koma ɗan koyo ba. Kuma gaskiya ne yawancin mutanenmu waya ce kwamfutarsu. Duk mun yarda. Wanda sana'arsa ta dogara da wata manhaja ta musamman, ya tsaya inda yake, ya nemi injin da zai ɗauki Windows 11 da lasisinta na gaskiya. Amma ɗakin kwamfuta na makaranta, inda ake koyon buga rubutu, lissafin tebur da binciken karatu, ba shi da wannan uzuri. Kuma mu da muke koya wa yara cewa ɗaukar abin wani ba izini haramun ne, bai kamata darasin farko da za su gani a allo ya zama saƙon da ke cewa wannan manhaja ba ta da lasisi ba. Mai gyaran ma in ya duba da kyau, riba ce gare shi: injin da da zai sayar a matsayin tarkace ya koma kaya.

Me muke nema ke nan? Mutum mai suna, mai lambar waya, mai ɗan albashi a ƙarshen wata, wanda aikinsa shi ne wannan tsakiya. Ba sai gwanin rubuta manhaja ba. Ya iya Faransanci da Ingilishi daidai rubuta wasiƙa, ya iya Hausa da ƙa'idar rubutunta ta ɓangarorin biyu, ya kasance mai haƙuri da naci, irin wanda in an yi banza da saƙonsa zai sake aikawa bayan mako 2 ba tare da zagi ba. Ya riƙe kalandar gidajen nan. Ya tara masu fassara ya raba musu aiki, ya hana a fassara kalma ɗaya iri 3. Ya karɓi koken malamai da masu gyara ya mai da shi rahoton da masu manhaja za su iya aiki da shi, domin "ba ta yi" ba rahoto ba ne, sai an faɗi wane inji, wane zubi, me aka danna, me ya fito. Ƙofar a buɗe take: a Debian kowa yana iya ɗaukar nauyin ƙunshi ta hannun wani tsohon ɗan gida da zai duba aikinsa ya shigar masa, ba a tambayar takardar digiri ko fasfo.

Matasan da za su iya suna nan. ESATIC, babbar makarantar fasahar sadarwa, a Treichville take, tafiyar ƙafa daga inda iyayen wasunsu ke kasa kaya. Akwai 'ya'yanmu a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da Jami'ar Bayero ta Kano inda masana harshen suke, ga kuma cibiyar CITAD a Kano da ta daɗe a harkar. Abin da ya hana su ba rashin basira ba ne. Aikin sa-kai na mai ƙoshi ne, wanda ya tashi daga ofis ya ci ya sha, yana da wuta da intanet a gida. Ɗalibin da ke neman kuɗin gbaka ba zai yi shekara 2 yana bin sawun madannai kyauta ba, kuma labarin xz ya nuna abin da ke faruwa ko a Turai in aka bar mutum ɗaya da kaya ba mai tallafa masa.

Kuɗin kuwa ba sai an jira gwamnati ko wata ƙungiyar waje ba, waɗanda suka fi son aikin da ake yanke kyalle a buɗe. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu na albasa, na goro, na dabbobi, da kwamitocin makarantun Islamiyya, suna tara abin da ya fi wannan a kowace shekara don bukukuwa da tarbar baƙi. Su ne kuma suka fi kowa sanin cewa dillali da mai ɗauri da ɗan dako ba a ce musu Allah ya saka kawai, ana cire musu la'ada. Makarantu 10 da suka haɗa abin da kowace ke kashewa wajen kiran mai gyara duk lokacin da ƙwayar cuta ta cinye kwamfutocinta za su iya riƙe mutum ɗaya.

Aikin farko da za a ba shi ƙarami ne, ana iya auna shi: madannan Hausa bisa AZERTY, masu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, a miƙa su can sama, sai jerin kayan makaranta guda ɗaya da aka gwada a kan injuna 5 ko 6 da suka fi yawa a teburan Adjamé, a kebul ɗin da kowane mai gyara zai iya kwafa. Debian ta 14, wadda aka riga aka raɗa wa suna forky, ana sa ranta a 2027, kuma in aka bi al'ada za a fara rufe ƙofofinta watanni kafin fitarta. Shugabannin ƙungiyoyinmu su sa wannan a ajandar zamansu na gaba.